Tutar Kawu a Kan Toka

Sansanin Danau Pulut, 6 ga Satumba

Yaya Masrupah,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Kawu Jumberi. Ya gwiwarsa? Ni ƙalau nake, in ban da tari, shi kuwa tari yanzu ba a lissafa shi cikin ciwo a nan. Yau kwana goma sha biyu rabonmu da ganin rana sosai, sai wani jan abu kamar kwaiduwar ƙwai a cikin hayaƙi. Mu tara ne a gandun dajin nan kaf, injin ban ruwa biyu, ɗaya ne ke tashi, shi ma sai abokina Yansen ya lallashe shi.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na zauna rubutu ba. Na san lokacin ƙona gona ya zo, na kuma san Kawu. Don Allah ki hana shi kunna wuta bana. Tsohuwar gonarsa ta bakin kogi yumɓu ce, wuta ta ci abin da ke sama ta mutu. Wannan sabuwar da ya sara a gefen magudanar 'yan katako ba ƙasa ba ce, ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa, zurfin gaba uku. Tun da aka haƙa magudanar ruwa ya tsiyaye, wurin ya bushe kamar audugar katifa. Wuta nitsewa take yi a ciki, ta yi ta tafiya a ɓoye mako biyu ko uku, sama sanyi ƙalau, sannan ta ɓullo a inda ba a zata ba. Mu nan ba ma yarda da ido. Rodi muke cakawa, mu zare, mu taɓa bakinsa, sannan mu ɗaga ƙafa.

Kuma an tsaurara doka. Makon jiya da hannuna na kama mutum biyu da suka ƙona ciyawa don barewa ta fito, yanzu suna tsare a gari. Shugabanmu Sitorus ya ce duk wanda wutarsa ta ƙetara cikin gandu kurkuku ne, ko limami ne. Gonar Kawu kuwa magudana kawai ta raba ta da iyakarmu.

Ki karanta masa wannan a hankali, bayan ya ci abinci. Idan ya ce yaushe aka haife ni, ki ce na yarda, amma ya yi haƙuri sai ruwa ya sauka. Zan ba Ijai mai jirgi takardar nan, duk da ya ce kogi ya janye, rabin hanya turawa ake yi.

Ƙaninki,
Darman

Teluk Haur, 12 ga Satumba

Ranka ya daɗe Malamin Daji,

Wata guda cur babu ko layi ɗaya daga gare ka. Ko gwamnati ta hana ku biro ne? Muna lafiya. Gwiwar Baba tana nan yadda ka bar ta, ba ta ciwo sai an ce ya zauna. Ni idona ne ke zubar da ruwa saboda hayaƙin nan naku, har maƙwabta suna tambaya wa ya mutu.

Albishirinka, an gama da sabuwar gona. Ranar Litinin aka ƙona. Mutum goma suka zo taya shi, aka share gefe-gefe fes, Baba ya yi addu'a ya kunna daga ƙasan iska yadda ya saba. Kafin la'asar ta cinye ta kwanta. Ni na dafa shinkafa da kifi na kai, aka cinye ba a bar mini ko ƙanzo ba.

Jiya Alhamis, kwana uku ke nan, ya je ya taka ta. Ka san shi da ƙafar nan tasa da ba ta taɓa ganin takalmi ba. Ya bi kusurwa huɗu, ya ratsa tsakiya sau biyu, yana tsayawa yana murza yatsu a cikin toka kamar mai neman allura. Ya ce sanyi kamar daɓen masallaci da asuba. Sai ya sare gora zai dasa tuta don masu wucewa su san wuta ta mutu, muka nemi farin ƙyalle a gidan nan babu. Na yago daga tsohon zanen marigayiya Inna, shuɗin nan mai gida-gida da take goya ka da shi lokacin da ka yi ƙyanda. Ya ɗaura ya kafa, ya juyo ya ce da ni, "Shekara hamsin ina dasa tuta, ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba." Na ce to, Allah ya ƙara hamsin, mu tafi gida rana na yi.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai. Yau da safe ya tarar da ayabar da ke can kusurwar magudana ta faɗi, babu iska babu komai. Ya ce aladen daji ne, wato dabbobinku, kuma zai kawo maka ƙara.

Yanzu ruwa kawai muke jira. Kafin nan yana zancen leƙa bukkar kamun kifi ta bayan magudana, inda ya koya maka kafa undu, tarkon kifi. Na san cikin gandunku take, sai ka rufe ido, ai ka ci kifinta ka girma. Ga busasshen kifi nan da zuma a kwalba. Zumar ta tari ce, ba ta rabon abokai ba.

Yayarka,
Masrupah

Sansanin Danau Pulut, 21 ga Satumba

Yaya,

Sallama. Takardarki ta iso shekaranjiya. Na gane tawa ba ta same ki ba. Na karanta taki sau uku a tsaye, na kasa zama.

Ranar Laraba wuta ta ɓullo a cikin gandu, dab da magudana. Mun bi ta gonar Kawu za mu ja ruwa, ƙasa ta burma da Yansen har gwiwa, garwashi ne zalla a ƙasa. Yana asibitin gari, ƙafa biyu sun ƙone. Tutar tana kan teburin Shugaba Sitorus, gindinta ya ƙone daga ƙasa, ƙyallen ko baƙi bai yi ba. Ya tambaye ni ko na san mai ita. Na ce zan bincika.

Ranar Alhamis za mu zo Teluk Haur, ni da shi da mutum shida. Kawu ya zauna a gida inda zan same shi. Kada ya taka ko'ina, ko ƙofar gona. Ki riƙe shi ko da zai zage ki. Sauran maganar ba ta takarda ba ce, kuma ga Ijai can ya tayar da inji yana yi mini ihu.

Darman

Teluk Haur, 23 ga Satumba

Darman,

Muna lafiya, idan har wannan ya dame ka.

Jiya Ijai ya kawo mini takardunka biyu a hannu ɗaya. Ta farkon kwana goma sha shida ta yi a shagon wani mai sayar da kananzir, can inda jirginsa ya maƙale a yashi, ya ajiye ya manta. Na zage shi har ya cire hula. To amma zagi ba ya mayar da toka itace. Ihu bayan hari ne, na ji, na kuma yi baƙin cikin abin da ya sami abokinka. Allah ya ba shi lafiya.

Ta biyun ce na kasa haɗiyewa. Mutum shida da shugaba, don tsoho ɗaya mai ciwon gwiwa? Kuma ni ce zan riƙe maka shi? Ka ce na zaunar da ubana a gida inda za ka same shi, kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa ana jiran baƙi. Ka dubi girman Allah, Darman. Kana ɗan shekara shida aka kawo ka gidan nan bayan jirgi ya kife da iyayenka, kwana uku ba ka magana. Wa ya ɗora ka a wuya ya yi ta zagaya gari da kai har ka yi dariya? Wa ya sayar da itatuwan robarsa ka yi makarantar daji? Da ba don ya sayar da su ba ai da bai je ya sari wancan wurin ba tun farko. Ban taɓa goranta maka ba, yau na yi, kuma ban ji kunya ba.

Ka ga ƙyallen Inna a kan teburin baƙo ka ce za ka bincika. Bincika me? Da ka ce ba ka sani ba, ai da magana ta mutu. Mutum goma ne suka tsaya a wurin ƙunar nan, babu mai buɗe baki a cikinsu. Ashe na gida za mu ji tsoro.

Na karanta wa Baba ta farkon, ya yi dariya ya ce yaro ya yi karatu har ya fi tafin ƙafa sani. Ta biyun ban karanta masa ba. Ban yi barcin kirki ba tun jiya, na ɗauki tsintsiya na ajiye ya fi sau goma.

Ku zo ranar Alhamis, zan dafa muku shayi, ba a hana baƙo ruwa a gidan nan. Amma ba za ka same shi ba. Tun da safe na haɗa masa shinkafar mako guda da gishiri rabin buhu, ya tafi. Kada ka tambaye ni ina, ko ka zo da Alƙur'ani ba zan faɗa ba.

Masrupah

Asibitin gari, 27 ga Satumba

Yaya Masrupah,

Assalamu alaikum. Na san mutanenmu sun gaya miki ta oba-oba cewa Kawu yana raye. Ga cikakken bayani. Ƙafarsa ta hagu ta ƙone har idon sawu, da tafin hannun dama. Likita ya ce ba za a yanke komai ba. Yana cin abinci, yana kuma kushe shi.

Laifina ne da ban ƙara miki layi ɗaya na bayani ba. Mutum shidan nan da shebur za su zo, ba da ankwa ba. Wutar ba gandu kawai ta nufa ba, ta rabu biyu a ƙasa, ɗaya tana tahowa wajen garinmu, muna so mu haƙa rami har mu taɓa ruwa mu tare ta. Na ce ki riƙe Kawu ne don na san zai koma ya taka gonar ya nuna mana ƙarya muke yi. Sauri ya sa na rubuta miki kamar sammaci.

Takardarki ta same ni Laraba da yamma. Da na kai kan gishiri rabin buhu sai na gane inda ya nufa. Ba a ɗaukar gishiri haka sai za a sa wa kifi. Kin tura shi bukka, kuma hanyar bukka ta bi ta kan wurin da wuta ta fi ci.

Na bar sauran suka wuce gari, ni da mutum ɗaya muka bi magudana har inda ruwa ya ƙare, muka sauka da rodi da katako biyu. Hanyar da nake yi a awa ɗaya ina yaro, awa huɗu ta ci mana. A caka, a taɓa, a shimfiɗa katako, a taka, a ɗauko na baya. Itatuwa suna tsaye da ganyensu kore, sai ki ji ɗaya ta kife ba gargaɗi, saiwarta ta cinye. Na yi ta kiran sunansa har muryata ta dishe.

Mun same shi a kan dandamalin bukkar, ƙafa ɗaya ta bukkar ta riga ta nitse, ta karkace. Ya tsoma ƙafarsa a tukunyar shinkafa da ɗan ruwan da ya rage. Tun Laraba da safe ya burma, a hanyar tafkin da ke kusa da bukkar, ya kama saiwa ya jawo kansa. Da ya gan ni sai ya ce, "Kama ni ka zo yi, ko cin kifi? Don kifi dai babu."

Ya san komai, Yaya. Ya ce tun da kika ce masa kifi na mutuwa a tafki ya je ya kwasa, kina magana kina kallon tukunya, ya gane akwai takarda ta biyu. Ya tafi ne don kada ya kunyata ki.

Na gaya masa zancen Yansen da tuta. Sai ya ce in ba shi rodin. Ya zaɓi wuri da kansa a gindin tsanin bukkar, inda toka ta yi fari tas, ya fara shafa ta da ƙafarsa mai lafiya ya ce sanyi. Ya caka rodin har rabi, ya zare, ya damƙe bakin. Na ce taɓawa ake yi ba a riƙewa, bai saki ba sai da na fizge. Nan ya samu ƙunar hannun. Ya dubi tafin ya ce, "Ashe ƙafar nan ta iya ƙarya." Na goya shi muka fito. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya sa ni kuka a hanya, na ce hayaƙi ne.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da Yansen ya faɗa, mun bar rodi a cikin jirgi, muna ɗauke da inji, kwana uku ba mu huta ba. Da muka iso bakin gonar ya ce bari ya koma ya ɗauko. Na hango shuɗin ƙyallen Inna yana kaɗawa, sai na ji bakina ya ce, "Bar shi, tutar Kawuna ce, in ya dasa ta mutu." Ni da na cika miki shafi da zancen rodi. Shekara ashirin ina bin tutar nan ido rufe, ranar ma haka na bi ta, sai dai Yansen ne a gaba. Ya ji abin da na ce sarai, amma kwana goma yana kwance Shugaba na zuwa yana tambayarsa, bai kira sunan kowa ba. Likita ya ce zai yi tafiya, amma shi da daji sai dai labari. 'Ya'yansa uku.

Gado biyu ne tsakaninsa da Kawu. Jiya Kawu ya sa na tallafe shi har wurinsa, ya ce masa shi ya dasa tutar. Yansen ya ce, "Na sani, Baba. Ya ƙafar?" Daga nan Kawu ya ce in kawo takardar gwamnati, ba zai kwanta kusa da mutum yana ɓoye a bayan shirunsa ba.

Na rubuta rahoton a gefen gadonsa. Sunansa yana ciki, a kan kunna wuta. Nawa yana ƙasa da nasa, a kan tura ma'aikaci cikin toka ba gwaji. Shugaba Sitorus ya karanta, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce Kawu zai je gaban alƙali idan ƙafa ta warke, shekarunsa da kawo kansa da ya yi za su iya sassautawa, amma bai yi alkawari ba. Ni kuma an dakatar da ni sai an gama bincike.

Ba na neman ki ce na yi daidai. Ina so dai ki ji daga bakina kafin ki ji a kasuwa.

Ƙaninki,
Darman

Teluk Haur, 10 ga Oktoba

Darman,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaida Baba, ka ce ya daina kushe abincin mutane. Ka gaida Yansen da iyalinsa, ga zuma nan kwalba biyu, wannan karon ta rabo ce.

Na daɗe ban ba ka amsa ba don duk takardar da na fara sai ta koma zagi, wani naka, wani nawa. Mutanenka kwana tara suka yi suna haƙa. Sun tarar da garwashi taku arba'in daga maƙabarta, ta gefen da Inna take. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini bakin rodin na taɓa. Ni na auna wa ubana shinkafa na tura shi kan wannan abin, ina ganin na fi kowa dabara. Har yanzu idan na wuce buhun gishiri sai na kau da kai.

Ban ce na yafe maka sunan da ka rubuta ba. Na san shi ya ce ka rubuta, na san ka sa naka, duk na sani. Amma hannunka ne, kuma ubana ne. Ka ba ni lokaci.

A cikin ƙunshin nan akwai takalmi. Ban san lambar ƙafarsa ba tunda bai taɓa sawa ba, sai na auna sawunsa da ya bushe a laka a bayan gida. Na hagun na sa an buɗe samansa saboda bandeji. Ba zai tsaya gaban alƙali ƙafa ba komai ba. Idan ya yi gardama ka ce ni na ce. Ka rubuto mini ranar zaman, zan zo ko da turawa za a yi da jirgin.

Jiya an yi ruwa, na farko, kusan awa biyu. Yau da sassafe maƙwabta suka zo da irin shinkafa, wai su shuka wa Baba gonarsa kafin ya dawo, tunda ruwa ya kashe sauran. Na gode musu, na tsaya a bakin hanya na ce babu mai taka wurin nan. Suka ce to sai yaushe, wa zai taka ya dasa tuta? Na ce ba a ƙara dasa tuta a garin nan da tafin ƙafa.

Mutanenka sun tafi da kayansu duka. Idan za su karɓi kakinka su karɓa, amma ka roƙe su su bar maka rodin. Ka ba Ijai ya kawo mini, ka kuma ja masa kunne kada ya ajiye shi a shagon kowa.

Yayarka,
Masrupah